Idan Wanzami Ya Sayar da Zabirarsa

A makarantar da nake koyarwa a nan Madarunfa kwamfuta guda ce ke aiki. Tana ofishin darakta, bisa wani tebur, an lulluɓe ta da zane saboda ƙura. Ni aka ɗora wa riƙonta, saboda na fi sauran malamai haƙuri da nawarta. A cikinta muke ajiye sunayen ɗalibai da makin jarrabawa da wasiƙun da muke aika wa iyaye da ofishin sufeto. Duk malamin da ke son a buga masa takarda sai ya zo da kilensa, abin da 'yan uwanmu na Najeriya ke kira filash, ya soka. Kilen nan kuwa babu inda ba ya shiga: shagon buga takardu a Maraɗi, kwamfutar aboki, har wurin masu tura waƙoƙi a tasha.

Bara waccan, saura mako biyu a yi jarrabawar brebe, na kunna kwamfutar da safe na tarar takardunmu duk sun koma inuwa. Sunan kowace takarda na nan, amma in ka danna babu abin da ke buɗewa. Malaman da suka taɓa gamuwa da birus ɗin nan da muke kira rakursi sun san irin faɗuwar gaban da nake nufi. Makin aji huɗu na shekara guda yana ciki, kuma kwafin da na ajiye a kilena shi ma ya kamu.

Na kira wani tsohon ɗalibina da ke karatu a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo, yana kuma gyaran kwamfuta a gefe don neman na sabulu. Kafin azahar ya iso bisa babur. Ya duba, ya yi murmushi ya ce, “Mushe, ka kwantar da hankalinka. Ba a goge su ba, ɓoye su aka yi.” Ya fito da wata 'yar manhaja ta kyauta da ya ce ya shekara yana aiki da ita. Aikinta ta leƙa kowane lungu na kwamfuta ta rubuta rahoton abin da ta gani, shi kuma ya karanta ya gane inda cutar ta maƙale. Da ya haɗa kwamfutar da intanet ta wayarsa, sai manhajar ta nemi a sabunta ta. Tana gamawa ta fito da sabuwar fuska, da tambarin wani kamfanin tsaron kwamfuta a sama. Ya ce, “Af, ashe sun sayar.” Ya danna amincewa a ƙarƙashin wani dogon rubutu da ba mu karanta ba, ya sa ta fara bincike, ya tafi alwala.

Yana can ta gama. Wani babban madanni ya fito yana cewa a aika rahoto. Na ɗauka ƙarshen aikin ke nan, na danna.

Da ya dawo ya dubi allon ya ce, “Mushe, ka aika?”

Na ce, “Na aika mana. Ba haka ake yi ba?”

Ya ce, “Da can babu wannan. Rahoton a kwamfutarka yake tsayawa, ni kaɗai nake karantawa.”

Ya buɗe mini kwafin abin da ya tafi. Yawancinsa haruffa ne da lambobi da ba na ganewa. Amma can ƙasa akwai jerin duk takardun da birus ya taɓa, kowace da cikakken sunanta. Ni kuwa al'adata ce in sa wa takarda sunan da zai tuna mini abin da ke cikinta. Ga sunan wata yarinya da na mahaifinta, a gabansa na rubuta “batun aure”. Ga “marayun aji shida”. Ga “waɗanda ba su biya kuɗin COGES ba”. Ga sunan wani yaro cikin 'yan gudun hijirar da suka tsallako daga Najeriya, da “babu takardar haihuwa”. Akwai kuma wani ɗan akwati da aka riga aka sa wa alama tun kafin mu gani, wanda ya ba da izinin a haɗa da kwafin wasu takardun da ake zargi. Ɗaya daga cikinsu ita ce jerin iyaye: suna, ƙauye, sana'a, lambar waya.

Makinmu ya dawo a ranar, ba mu rasa ko ɗaya ba. Amma na kwana ina juyi.

Wanda ba ya zaune a yankinmu zai iya cewa mene ne abin damuwa a jerin sunaye. Mu da ke tsakanin Gabi da Ɗan Isa da dajin Baban Rafi mun san cewa shekarun nan mutum ba ya son a san yawan shanunsa, balle a haɗa sunansa da sana'arsa da lambar wayarsa da sunan 'yarsa a takarda guda. Masu satar mutane don kuɗin fansa sun koya mana cewa bayani kan mutum makami ne. Ban zargi kamfanin da ya karɓi rahoton da wata mugunta ba, kuma har yau babu wani abu da ya biyo baya. Abin da ya hana ni barci shi ne iyayen nan ni suka ba lambobinsu, don in kira su in yaro ya yi fashi ko ya kamu da zazzaɓi. Ni kuma na miƙa wa wanda ban sani ba, da yatsana, ba tare da na tambaye su ba.

A garinmu gidaje da yawa an rubuta “ba a shiga” a bakin zaure. Duk da haka akwai mutanen da ake ɗaga wa labule. Wanzamin gidanmu yana shiga har tsakar gida ran suna, ya yi wa jariri aski, ya yi wa tsoho ƙaho, ya ga abin da baƙo ba ya gani. An yarda da shi domin an san ubansa, an san bakinsa ba ya yawo. To a ce wata rana ya tsufa ya sayar da zabirarsa ga wani attajiri daga nesa, da asake da ƙahonni da komai. Washegari yaron attajirin ya yi sallama da zabirar nan da muka sani a kafaɗa. Kayan aikin su ne, wataƙila ma an ƙara wasa su. Amma wane maigida ne zai ce ya shige ciki don kawai ya gane zabirar? Da mutum muka yarda, kuma yarda ba ta cikin kayan da aka yi ciniki.

A kwamfuta kuwa haka ake yi mana kullum, mu ɗaga labule ba mu ko tambaya. Manhajar da ke neman cuta tana bukatar izinin da ya fi na kowace manhaja, domin ba ta iya aikinta sai ta buɗe kowane ɗaki. In mai ita ya sauya, izinin nan yana bin sabon mai ita kai tsaye, ta hanyar sabuntawar da muke dannawa muna hira.

Bayan abin da ya faru na shiga bibiyar tarihin irin wannan ciniki, na tarar tsohon zance ne. Wani matashi ɗan ƙasar Holan, Merijn Bellekom, ya ƙirƙiri wata 'yar manhaja mai suna HijackThis ya bayar kyauta. Ba ta cewa wannan mugu ne wannan nagari ne. Jeri kawai take fitarwa na abubuwan da ke tashi tare da kwamfuta da waɗanda suka liƙe wa manhajar shiga intanet, kowane layi da lambarsa. Mai matsala sai ya kai jerin ga masu sani, 'yan sa-kai a zaurukan intanet, su ce masa cire wannan, bar wancan. Miliyoyin mutane sun yi aiki da ita. A 2007 kamfanin Trend Micro, mai hedikwata a Tokyo ta Japan, ya saye ta. Ya bar ta kyauta, amma sabon zubin da ya fitar ya zo da madanni mai suna AnalyzeThis, wanda ke aika jerin zuwa kwamfutocin kamfanin don a gwada shi da na sauran mutane. Nan masu amfani da ita suka fara tambayar da ni ban yi ba sai da na makara: me ake ajiyewa, har yaushe, wa ke gani? A 2012 kamfanin ya buɗe asalin rubutun manhajar ga kowa, yadda duk mai ilimin abin zai iya duba cikinta, kuma wannan abin yabo ne.

Sai dai shekaru shida bayan haka, a Satumbar 2018, kamfanin Apple ya cire wasu manhajojin Trend Micro daga kasuwarsa ta kwamfutocin Mac, cikinsu har da Dr. Cleaner da Dr. Antivirus, bayan masu bincike sun gano suna kwasar tarihin shafukan da mutane suka ziyarta. Kamfanin ya amsa cewa manhajojin na ɗaukar tarihin awa 24 kafin a girka su, ya ce don tsaro aka yi, ya ba da haƙuri ya cire wannan ɓangaren. HijackThis ba ta cikin waɗannan manhajoji, amma abin ya nuna cewa masu tambayar 2007 ba rigima suke nema ba.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne CCleaner, wadda da wuya ka buɗe kwamfutar malami a Maraɗi ba ka gan ta ba. Wani kamfani na Landan mai suna Piriform ne ya yi ta. A Yulin 2017 kamfanin Avast na birnin Prag ya saye shi. Wata biyu bayan haka aka sanar cewa ɓarayin intanet sun cusa muguwar manhaja a cikin zubi na 5.33, kuma kwamfutoci kusan miliyan 2.27 sun sauke shi daga hannun masu ita, da hatiminsu. Kutsen ya faro tun kafin cinikin, amma darasin na nan: hanyar da magani ke bi ya iso gare ka, ita cuta za ta bi in ta samu dama. A 2018 kuma zubi na 5.45 ya zo da tsarin tattara bayanai da mutane suka kasa kashewa, aka yi ta ƙorafi har kamfanin ya janye shi.

Babban abin ya fito a Janairun 2020, lokacin da 'yan jaridar Motherboard da PCMag suka bankaɗo cewa wani reshen Avast mai suna Jumpshot yana sayar da bayanan yawon da mutane ke yi a intanet, waɗanda aka tattara ta manhajar rigakafin kamfanin da 'yan ƙarin da ake liƙa wa manhajar shiga intanet. Cikin kwanaki kamfanin ya rufe reshen. A Fabrairun 2024 hukumar kula da ciniki ta Amurka, FTC, ta sanar cewa Avast zai biya dala miliyan 16.5, ta kuma hana shi sayar da irin waɗannan bayanai don talla. Hukumar ta ce an sayar wa kamfanoni fiye da 100 tsakanin 2014 da 2020. Mutanen da abin ya shafa sun girka manhajar ne don kada a bi sawunsu.

Adalci ya sa in faɗi cewa ba kowane ciniki ke ƙarewa haka ba. AdwCleaner, wadda wasu matasa 'yan Faransa suka yi kuma masu gyara a ƙasashenmu masu aiki da Faransanci suka saba da ita, kamfanin Malwarebytes ya saye ta a 2016, ta ci gaba da zama kyauta ana gyara ta. Mutum ɗaya da ke aiki da dare bayan ya taso daga neman abincinsa yana gajiya, kuma manhajar da aka daina sabuntawa ita ma haɗari ce. Kamfani na da ma'aikata da kuɗi. Kuma gaskiya ne cewa masu yaƙi da birus suna bukatar samfur daga kwamfutoci masu yawa, kamar yadda ma'aikatan lafiya ke bukatar rahoto daga ƙauyuka kafin su gane annoba ta ɓulla.

Amma banza ba ta kai zomo kasuwa. Kamfanin da ya zuba kuɗi ya sayi abin da ake rabawa kyauta, me ya saya? Rubutun manhajar ma'aikatansa na iya yin irinsa cikin 'yan watanni. Abin da ba zai iya ƙerawa ba shi ne sunan da mutane suka sani da ƙofofin da aka riga aka buɗe mata. Mu aka saya, mu da muka saba danna amincewa. Wani kamfanin zai wadatu da tallata mana manhajarsa ta kuɗi. Wani zai tattara samfur don inganta aikinsa. Wani kuma zai ga cewa abin da manhajar ke gani a gidajen mutane haja ce. Daga waje duka ukun fuskarsu ɗaya.

Da na ba abokan aikina labari a ƙarƙashin bedin da muke shan shayi, malamin lissafi ya yi dariya. Ya ce, “Haba malam, wane Bature ne zai bar aikinsa ya zauna karanta sunan marayun Madarunfa?” Na ce masa da gaskiyarsa, mai yiwuwa babu idon mutum da zai taɓa sauka a kai. Amma abin da ya fita ya fita. Kamfanin da ya saya yau ana iya saye shi gobe, kamar yadda Avast kansa ya haɗe da NortonLifeLock a 2022 suka zama Gen Digital. Rumbun da aka tara bayanai ana iya fasa shi. Ma'aikaci na iya kuskure. Na ba shi misalin VirusTotal, shafin nan da aka kafa a Malaga ta Sifen a 2004, Google ya saya a 2012, inda mutum ke ɗora takardar da yake zargi a gwada ta da manhajojin rigakafi da yawa lokaci guda. Aiki ne mai amfani, amma takardar da ka ɗora ba ta tsaya tsakaninka da shafin ba: kamfanonin tsaro da masu biyan kuɗin rajista na iya samunta, kuma sharuɗɗan shafin sun faɗi haka. A 2023 wani ma'aikacinsu ya ɗora jerin sunaye da adireshin imel na abokan cinikinsu kusan 5,600 bisa kuskure. In masu gidan sun yi tuntuɓe a tsakar gidansu, ina ga malamin da ke gaggawar fitar da maki?

Sannan na ce masa ko da babu wanda ya karanta har abada, yarinyar nan da na rubuta “batun aure” a gaban sunanta ba ta ba ni izinin in kai zancenta ko zauren maƙwabci ba, balle wata ƙasa. Mahaifiyarta ce ta same ni a ɓoye bayan an tashi, ta roƙi in yi wa maigidanta magana a bar yarinyar ta gama brebe. Nauyin amana ba ya raguwa don wanda aka kai wa ita bai damu da ita ba.

Doka ma tana tare da iyayen. Nijar ta kafa dokar kare bayanan mutane tun ranar 3 ga Mayun 2017, wato doka mai lamba 2017-28, wadda ta samar da hukumar HAPDP a Yamai, aka kuma sake sabuwa mai lamba 2022-59 a Disambar 2022. Najeriya ta sa hannu a tata a Yunin 2023. Ruhin dokokin ɗaya ne: wanda ya karɓi bayanan mutum don wata manufa, shi ke da alhakin tsare su, kuma ba ya juya su zuwa wata manufa yadda ya ga dama. A makaranta, wannan mutumin ba ya Tokyo ko Prag. Shi ne darakta, da malamin da aka ba makullin ofis.

Ga abin da muka sauya, ko zai amfani wata makarantar. Kwamfutar ofis ba ta ƙara shiga intanet lokacin da ake binciken cuta. In za a sabunta manhajar rigakafi, sai an sabunta, a cire wayar, sannan a fara. Takardun da ke da sunan yara da iyaye mun kwashe su zuwa kile guda da ba ya fita daga aljihun teburin darakta, ba a kuma soka shi sai bayan an tabbatar kwamfutar lafiya take. Na daina sa sunan yaro a sunan takarda; lamba nake sawa, ma'anar lambar tana cikin littafin rajista na hannu. Duk mai gyaran da ya zo, ko ɗanmu ne, ana zama kusa da shi, kuma kafin ya aika komai ko'ina sai ya nuna mana abin da zai tafi. In manhajar da muka saba da ita ta fito da sabon tambari ko ta nemi a sake amincewa da sharuɗɗa, tsayawa muke yi mu bincika wa ya mallake ta yanzu, mu shiga wurin saiti mu cire alamar duk akwatin da ke cewa a aika bayanai. Takardar da ke ɗauke da sirrin wani kuwa ba ma ɗora ta a kowane shafin gwaji, komai sunansa.

Iyaye ma abin ya shafe ku. Wayar da ke hannun ɗanku cike take da manhajojin “share waya” da “ƙara sauri” da mai tura waƙoƙi ya zuba masa kyauta. Ku karɓa ku duba tare da shi. Manhajar da aka ce shara take yi, me ya haɗa ta da jerin lambobin mutane, ko saƙonni, ko inda mai wayar yake? In ta nemi waɗannan, a cire ta. Kuma haƙƙinku ne ku tambayi makaranta ina take ajiye abin da kuka rubuta ran rajista, da wanda ke taɓa shi.

Abu mafi wuya shi ne faɗa wa iyayen. Darakta ya so a bar zancen tunda babu ɓarnar da aka gani. Na roƙe shi ya bar ni in yi magana a taron COGES na ƙarshen shekara, ya yarda. Na tashi na faɗi abin da na danna da abin da ya tafi, ban ɓoye jerin lambobin ba. Aka yi shiru. Wasu ba su gane yadda takarda ke tafiya tana kuma nan ba, sai da na kwatanta da hoton da ake turawa a WhatsApp. Wani dattijo mai kamun kifi a tafki, wanda jikokinsa uku ke wurinmu, ya gyara zama ya ce, “Malam, ana iya dawo da ita?”

Na ce, “Baba, ba a iyawa.”

Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, “To Allah Ya tsare gaba. Amma baɗi in za ka rubuta lambata, ka faɗa mini inda za ta kwana.”

Ran rajistar bana shi ne na uku a layi. Kafin in buɗe littafi na jawo aljihun teburin na nuna masa kilen da makullin. Ya duba da kyau, ya gyaɗa kai, sannan ya fara karanto mini lambar.